Kowa ya ce bitar ta yi kyau, to me ya canja a laburaren?

[Hoto: babban zaure, mutane na tafi, ana miƙa takardun shaidar halarta]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan hoton da kuke gani, da shi ake rufe kusan kowane taron ƙara wa juna sani: tafi, takardar shaida, hoton haɗin gwiwa, sai a raba wani ɗan fom a ce kowa ya faɗi yadda ya ga bitar.

Tun watan Maris na 2025, da shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a umarnin rage ayyukan IMLS, wato hukumar gwamnatin tarayya mai tallafa wa laburare da gidajen tarihi, gardama ta ɓarke a kan shirye-shiryen da hukumar ta daɗe tana ɗaukar nauyi. Wasu na cewa asarar kuɗi ce. Wasu kuma, don su kare shirye-shiryen, sai su ɗago wannan fom su ce ai ga shi nan, mahalarta sun ce sun gamsu. Ni ina tare da masu son a ci gaba da irin waɗannan shirye-shirye, musamman na musayar ma'aikatan laburare tsakanin Amurka da ƙasashe irin su Sin, shi ya sa ma hujjar fom ɗin take damuna. Hujja ce mai rauni, kuma shirin kirki ya cancanci a kare shi da abin da ya fi ta ƙarfi.

[Taswira: layi daga jihar Illinois zuwa Beijing]

Bari mu ɗauki shiri guda na gaske. Daga 2008 zuwa 2012 an yi wani haɗin gwiwa mai suna Think Globally, Act Globally. IMLS ta ba da kuɗi daga ɓangaren Amurka, Ma'aikatar Al'adu ta ƙasar Sin ta ba da nata. Masu gudanarwa su ne laburaren Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign tare da cibiyarta ta Mortenson mai kula da shirye-shiryen laburare na ƙasa da ƙasa, da CALA, ƙungiyar ma'aikatan laburare Amurkawa 'yan asalin Sin wadda tushenta ya faro a 1973, sai kuma Ƙungiyar Laburare ta ƙasar Sin da aka kafa a 1979. Tsarin mai sauƙi ne. Tawagar Amurka ta je lardunan Sin ta gabatar da bita, shugabannin laburaren Sin su zo Amurka su yi makonni suna karatu da zagayawa.

Yaya ake auna irin wannan? Ma'aunin da aka fi amfani da shi na Donald Kirkpatrick ne, wani malamin Jami'ar Wisconsin, ya fitar da shi a 1959. Hawa huɗu ne.

[Zane: tsani mai matakai huɗu]

Na farko, sun ji daɗi? Na biyu, sun koyi wani abu? Na uku, da suka koma bakin aiki, aikinsu ya canja? Na huɗu, jama'ar da ke zuwa laburaren sun amfana?

Fom ɗin nan na ranar rufe taro yana kan hawa na farko ne kawai. A 1989, George Alliger da Elizabeth Janak sun bi binciken da aka yi a kan wannan tsani, suka ga alaƙar da ke tsakanin jin daɗin horo da sauran matakan ba ta da ƙarfi. Mutum zai iya jin daɗin bita matuƙa ya koma da hannu rabbana. Wani kuma ya sha wuya, ya fita yana gunaguni, amma shi ne zai je ya juya sashensa.

[Hoto: hannu riƙe da biro a kan fom mai lamba 1 zuwa 5]

Ku dubi lokacin da ake cika fom ɗin ma. La'asar ce ta ranar ƙarshe. Baƙin sun tsallako teku, suna zaune a gaba, shugabanka na aiki yana jere na farko, mota na jira a waje. Wa zai ɗauki biro ya rubuta cewa darasi na uku bai amfane shi ba? Sinawa na da kalmar mianzi, wato fuska, mutuncin da ake tsare wa mutum a gaban jama'a. Mu da muka san kara da kawaici ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ita take sa baƙo ya koma gida da farin ciki. Sai dai ba ta gaya maka ko darasin ya shiga.

Akwai kuma wani abu da ke ja ta ɗaya gefen. A 1995, Chuansheng Chen da Shin-ying Lee da Harold Stevenson sun kwatanta ɗaliban sakandare na Japan da Taiwan da Kanada da Amurka, suka ga na Japan da Taiwan sun fi zaɓar lambar tsakiya, na Amurka kuma sun fi zuwa ƙarshen ma'auni. Ɗalibai ne aka gwada, ba ma'aikatan laburare ba, amma ya isa ya nuna mana cewa lamba 4 a hannun wannan ba lallai ta zama lamba 4 a hannun wancan ba. Ladabi na ɗaga maki sama, al'adar tsayawa tsakiya na jan shi ƙasa. Idan ka tara su ka fitar da matsakaici, me ka auna?

Hawa na biyu ba zan daɗe a kai ba. A yi gwaji kafin bita, a yi bayanta. A fassara tambayoyin zuwa Sinanci, wani dabam ya mayar da su Turanci ba tare da ya ga na asali ba, a ga ko ma'ana ta kauce. Richard Brislin ya bayyana wannan dabara a 1970. Shi ke nan, mu wuce.

[Hoto ya tsaya: ƙofar wani laburare, da safe]

Hawa na uku, a nan gizo ke saƙa, kuma a nan nake so ku ba ni aron hankalinku.

Mutane da yawa sun ɗauka hawa na uku shi ne a tura saƙon imel bayan wata shida a tambaya, ka yi amfani da abin da ka koya? E ko a'a. Nan ne kuskure na farko, domin wannan fom ɗin farko ne ya sake riga. Waɗanda suka ji daɗi su ne za su amsa, su ce e. Wanda bai yi komai ba zai yi shiru, ba za a lissafa shi ba.

Aikin hawa na uku yana farawa ne tun kafin a tashi daga zaure. Kowane mahalarci ya rubuta abu ɗaya, ƙwaya ɗaya tak, da yake niyyar gwadawa, da hannunsa, da harshensa. A kuma rubuta yadda abin yake a yau. Sai bayan wata shida ko shekara a koma da wannan takarda a hannu.

Mu ƙaddara wata ma'aikaciya ce a laburaren wata gunduma. Ta saurari darasi a kan karanta wa ƙananan yara labari, ta rubuta cewa za ta fara duk ranar Asabar. Mai aunawa ya iso bayan wata takwas. Abin da zai fara nema shi ne jadawalin da ke manne a bango. Ya dubi rajistar masu zuwa. Ya leƙa ɗakin yara ya ga ko an janye dogayen teburan nan an shimfiɗa darduma, ko kantocin littattafai sun sauko daidai tsayin yaro ɗan shekara huɗu. Ya tambayi abokiyar aikinta wadda ba ta je bitar ba, ita ce ba ta da bashin kunyar kowa. Gani ya kori ji.

[Hoto: yara zaune a ƙasa, babba na buɗe littafi]

To idan ya zo ya tarar ba a yi ba fa? Nan ne kuskure na biyu. Sai a rubuta, bita ba ta yi aiki ba. Dakata tukuna. A tambaye ta me ya hana. Wataƙila ba ita ke da ikon canja jadawali ba. Wataƙila an mayar da ita wani sashe. Wataƙila kuma darasin ne tun asali aka ɗinka shi da awon wata ƙasa.

Ga misali. Laburaren jama'a a Amurka, mafi yawan kuɗinsu daga ƙananan hukumomi yake zuwa, a wurare da yawa daga harajin gidaje da filaye, wani lokaci har sai an kaɗa ƙuri'a kafin a ƙara musu. Don haka ma'aikacin laburare a can ya ƙware wajen shawo kan masu zaɓe da 'yan kwamitin amintattu. A Sin kuwa laburaren jama'a na ƙarƙashin hukumomin al'adu na gwamnati, kasafinsu ta nan yake saukowa. Darakta daga Sin zai iya fahimtar darasin neman goyon bayan masu zaɓe sarai, ya ci gwajin hawa na biyu da maki cikakke, ya koma gida ya rasa inda zai sa shi. Laifin ba nasa ba ne. Wannan bayani kuwa shi ne mafi tsada ga masu shirya bita ta gaba, kuma ba za ka taɓa samunsa a fom ɗin tafi ba.

Sai kuskure na uku, wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: mai aunawa ya zo yana neman kwafin abin da aka koyar, in bai ga kwafi ba ya ce babu tasiri.

[Tsofaffin hotuna marasa launi: Wuchang, ginin laburaren Boone]

Ku dubi wannan ginin. Laburaren Boone ne a Wuchang ta ƙasar Sin, wata Ba'amurkiya, Mary Elizabeth Wood, ta buɗe shi a 1910. A 1914 ta tura wani matashi, Shen Zurong, wanda Turawa ke kira Samuel Seng, zuwa makarantar koyon aikin laburare a New York. A can ya koyi tsarin Dewey na jera littattafai gida goma. Da ya dawo sai ga tarin littattafan Sin na gargajiya, waɗanda ƙarni da ƙarni ana kasa su kashi huɗu, kuma Dewey bai tanadar musu wurin kirki ba. Shen bai cusa su da ƙarfi ba, bai kuma jefar da abin da ya koyo ba. Shi da abokin aikinsa Hu Qingsheng suka tsara wani sabon jeri a kan ƙashin Dewey wanda zai ɗauki littattafan Sin. A 1920 aka buɗe makarantar Boone ta koyon aikin laburare, ta farko a ƙasar, wadda daga baya ta shiga cikin Jami'ar Wuhan.

Da wani ya zo da takarda mai tambaya ɗaya, shin yana amfani da Dewey yadda aka koya masa, da sai ya rubuta a'a. Alhali ga shi nan horon ya yi aikin da ya fi kowane. Shi ya sa nake ganin dole tambayar hawa na uku ta zama buɗaɗɗiya: me kika ɗauka, me kika sauya, me kika ajiye, kuma don me? Hira ake yi, da Sinanci, ba a gaban darakta ba. A nan 'yan CALA suke da fifiko babba, don da yawansu sun tashi da harshen, sun kuma yi aiki a laburaren Amurka, suna jin abin da aka faɗa da wanda aka haɗiye.

Na sani, akwai tsada. Tikitin jirgi, lokaci, mai fassara rahoto. Kuɗin tallafi kuma yawanci yana ƙarewa ne daidai lokacin da ya kamata a fara wannan bibiya. Ra'ayina shi ne, gara a rage bita ɗaya daga cikin jerin, a ware kuɗinta don komawa.

[Zane: layin yawan masu zuwa laburare yana hawa]

Hawa na huɗu, a gurguje, da gargaɗi guda. Idan ka ga masu zuwa wani laburare a Sin sun ƙaru bayan bita, kada ka yi saurin ba bitar lada. A farkon 2011, ana tsakiyar wannan shiri, ma'aikatun al'adu da na kuɗi na Sin suka ba da umarnin a buɗe laburaren jama'a kyauta. A ranar 1 ga Janairun 2018 kuma dokar laburaren jama'a ta ƙasar ta fara aiki. Waɗannan kaɗai sun isa su motsa alƙaluma. Sai ka kwatanta da makwabcin laburare mai girma ɗaya wanda bai tura kowa bita ba, sannan ka yi magana.

[Hoto: Amurkawa na zagaya wani katafaren laburare a Sin, suna ɗaukar hoto]

Saura mutanen nan da kuke gani riƙe da kyamara. An kira shirin musaya, amma sau da yawa ɓangare ɗaya ake miƙa wa fom, kamar su kaɗai suka zo koyo. Ba'amurken da ya tsaya gaban na'urar aron littafi mai aiki dare da rana a titin Shenzhen, ko ya ga yadda ake gyaran tsohon littafi mai ɗaruruwan shekaru da takarda da gam na garin alkama a Babban Laburaren Ƙasa da ke Beijing, shi ma ya koma gida da wani abu a ka. Shi ma a ba shi takarda ya rubuta abu ɗaya da zai gwada, a sa ranar, bayan wata shida a ƙwanƙwasa ƙofar ofishinsa a Illinois ko California a ce ya nuna.