Jawabin Maraba ga Mai Shari'a na Kotun Ɗaukaka Ƙara

Ranka ya daɗe Mai Shari'a, babban baƙonmu, malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin malamai da ɗaliban sashen nazarin shari'a, ina yi wa Mai Shari'a barka da zuwa, tare da godiya bisa ajiye tarin fayil-fayil da ya yi domin ya amsa gayyatarmu.

Ɗalibanmu sun haddace tsarin manyan kotuna kamar yadda Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya shimfiɗa shi. Sun san Kotun Ƙoli ce ke sama, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Najeriya da alƙalai da ba su wuce 21 ba, kuma tun 1963 da aka daina kai ƙara Ingila, hukuncinta shi ne na ƙarshe. Sun san kotun da Mai Shari'a ke zama a cikinta an kafa ta ne a 1976, kuma gare ta ake ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotun Tarayya, da manyan kotunan jihohi, da kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'ar Musulunci da na al'ada.

Amma hadda daban, gani da ido daban. Abin da ya fi damun jama'armu shi ne shari'ar gado. Rigimar gona tsakanin 'yan uwa takan faro a kotun shari'a ta ƙauye, ta haura zuwa gaban Girandi Kadi da Kadawansa a kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, waɗanda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya ba su hurumin aure, gado, wasiyya da waƙafi, daga nan ta iso gabanku, inda sashe na 247 ya wajabta alƙalai aƙalla uku masana wannan fanni na Shari'ar Musulunci su saurare ta. Wannan tanadi, a ganina, hikima ce babba, domin mai ƙara ba ya fargabar a yanke masa hukunci da abin da bai sani ba. Sai dai kafin a kai ƙarshe, sau da yawa damina ta shuɗe, wata ta biyo, gonar na zaune babu shuka, wani daga cikin magadan ma ya riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, muna roƙon ka bayyana wa waɗannan ɗalibai inda jinkirin yake samo asali, da abin da lauyoyi ke yi da ke ƙara shi, tunda gobe su ne za su tsaya gabanku sanye da baƙar riga.

Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai gida lafiya. Bismillah, ga wuri.