Digirin Kasuwanci da Littafin Bashin Ɗan Kwari

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai duba karatun digirin farko a fannin kasuwanci a manyan jami'o'in gwamnati, kuma za mu ɗauki Jami'ar Bayero ta Kano a matsayin madubi, domin da wuya a sami wata jami'a a ƙasar nan da Allah ya ajiye ta a bakin kasuwa kamar yadda ya ajiye wannan.

Makarantar da ta soma a matsayin kwaleji a 1960, ta zauna shekaru ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ta tsaya da ƙafarta a 1977, yau tana yaye ɗalibai a fannin gudanar da kasuwanci da aikin akanta da harkar banki duk shekara. Ɗalibin da ya fito daga sabon mazauninta na kan hanyar Gwarzo, kuɗin adaidaita sahu kaɗai ke tsakaninsa da Kantin Kwari da kasuwar Singa da Sabon Gari da 'yan canjin Wapa, in ya ƙara gaba kaɗan ta hanyar Katsina kuma ya iske Dawanau, inda hatsi da riɗi ke shiga da fita tirela-tirela. Kasuwar Kurmi kuwa tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, fiye da shekara 500 ke nan. Abin tambaya shi ne, a cikin shekara huɗun da yaro ko yarinya za su yi suna neman wannan digiri, sau nawa karatun yake bi da su ta waɗannan wurare?

Kafin a amsa, ya kamata a yi wa manhajar adalci. Abin da ake koyarwa ba shirme ba ne. A shekarun farko ɗalibi yana karanta tattalin arziki da lissafin kuɗi da ƙididdiga da dokar kasuwanci, daga baya ya shiga tallata haja da kula da ma'aikata da sarrafa jari, a shekarar ƙarshe kuma ya rubuta kundin bincikensa. Duk mai cewa wannan ilimi ba shi da amfani, bai taɓa ganin babban shago ya rufe saboda mai shi ya kasa bambance cinikin rana da riba ba. Matsalar tana wajen yadda ilimin ke isa ga ɗalibi.

A yawancin manyan jami'o'inmu na gwamnati, fannin kasuwanci yana cikin waɗanda masu neman gurbi suka fi yi wa rubdugu, saboda haka ajin 'yan shekarar farko yakan cika ya batse. Wanda bai yi sammakon kama kujera ba sai ya tsaya a bakin taga, littafi a tafin hannu, yana kasa kunne ga lasifikar da ke ɗaukewa duk sa'ad da wuta ta ɗauke. Malami guda da ke fuskantar ɗaruruwan kawuna ba shi da halin tsayar da ɗalibi ya ce masa, “To kai, da kai ne mai wannan kamfani, me za ka yi?” Abin da ya rage masa shi ne ya karanto, su rubuta, ranar jarrabawa su mayar masa da abinsa. Haka ake samun wanda zai zayyano maka ma'anar jarin juyawa tiryan-tiryan da Turanci, amma in ka miƙa masa littafin shagon mahaifinsa ka ce ya faɗa maka ko ana ci gaba ko ana ci baya, sai ido ya raina fata. Ga kuma yajin aikin malamai da ke yanka zangon karatu gida biyu. Na 2022 kaɗai ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma idan aka dawo daga irin wannan hutun dole, abin da aka fara sadaukarwa shi ne duk wani aiki da ke buƙatar fita waje, domin kowa na gaggawar a kai ga jarrabawa.

To bari mu leƙa littafin shagon da muka ambata. Sau da yawa littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi saboda juyi. A shafi guda ga sunayen 'yan sari da suka ɗauki kaya za su kawo kuɗi bayan kasuwar garinsu ta ci, wani daga Maraɗi, wani daga Mubi, babu takardar yarjejeniya sai amana da sanayya. A wani shafin ga abin da maigida ya zara daga aljihun shago na cefane da kuɗin makarantar yara da gudummawar biki, in ma an rubuta ke nan. La'adar dillali tana gefe, zubin adashi yana gefe. Mai wannan littafi ya san kasuwa fiye da yadda wani farfesa zai santa, yana iya duban fuskar mai saye ya gane ko zai biya bashi, amma akwai ramin da yake faɗawa wanda darasin aji biyu na jami'a zai iya tsallakar da shi.

Ga misali. A ce ɗan kasuwa ya sari dilar yadi a kan naira dubu 400, ya sayar dubu 450, ya yi hamdala ya ce ya ci ribar dubu 50, har ya taɓa wani abu daga ciki ya kai gida. Da ya koma sari sai ya tarar dilar ta koma dubu 480. A bakinsa riba ya ci, amma a zahiri uwar kuɗin ce ta zaizaye, domin abin da ke hannunsa ba zai mayar da kayan da ya fitar ba. Wannan ba tatsuniya ba ce ga duk wanda ya yi kasuwanci bayan watan Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ɗalibin kasuwanci da aka koyar da shi da kyau ya kamata ya zauna a kan benci a ƙofar shagon nan, ya warware wa Alhaji wannan lissafi da Hausa, ya nuna masa dalilin da zai sa ya yanka farashi bisa abin da zai saro gobe. Idan ba zai iya ba, to takardar da ya karɓa ba ta gama aikinta ba.

Akwai babban rami ma fiye da wannan, wato abin da ke faruwa bayan rasuwar mai dukiya. Kowa a Kano ya san gidajen da sunansu ya yi tashe a kasuwa shekara talatin, amma ana gama rabon gado aka nemi kasuwancin aka rasa, saboda kaya da shaguna da motoci aka raba, kowa ya ja nasa. Gidan Alhassan Ɗantata, wanda ya tashi daga fataucin goro zuwa Gwanja ya koma cinikin gyaɗa, ya rasu a 1955, ana yawan kafa misali da shi ne domin irinsa ba su da yawa: jikoki da tattaɓa kunne suna kan harkar har yau. Alhali dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa abin har mutum guda zai iya yi wa ƙaramin kamfaninsa rajista shi kaɗai, kuma idan kasuwanci ya zama kamfani, hannun jari ake raba wa magada bisa ƙa'idar shari'a, shago ya ci gaba da buɗewa. Wannan darasi ne da ya haɗa dokar kamfani da ilimin gado da lissafi wuri guda, kuma jami'ar da ke da tsangayar shari'a da cibiyar nazarin harkar banki da kuɗi ta Musulunci a harabarta ba ta da uzurin barin ɗalibinta na kasuwanci ya fita bai iya shi ba. Haka batun zakka: ɗan kasuwar da ke ƙidaya kayansa da basussukansa duk shekara don ya fitar da ɗaya bisa arba'in, ai ƙididdigar ƙarshen shekara yake yi ba tare da ya kira ta da wannan suna ba, kuma ta nan ne akanta mai basira zai shigo masa.

Hukumomi sun daɗe da sanin akwai giɓi. Tun kusan shekara ashirin da suka wuce Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta darasin koyon dogaro da kai ga kowane ɗalibi, sai dai a wurare da dama abin ya tsaya ga haɗa sabulu da turaren wuta na mako biyu don a ci maki. Sana'ar hannu abin girmamawa ce, amma ba ita ce aikin mai digirin kasuwanci ba. Nasa aikin shi ne ya san nawa sabulun ya ci, nawa za a sayar, wa zai saya, kuma yaushe jarin zai dawo. Damar da ta fi wannan ta zo a Disambar 2022, lokacin da hukumar ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta riƙe kashi 70 cikin ɗari a hannunta, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. A ganinmu, a Kano wannan kashi 30 na Kwari ne da Dawanau da masana'antun Sharaɗa da Bompai da Chalawa, har da waɗanda suka rufe, domin labarin yadda masaƙa ta mutu saboda rashin wuta da kwararowar yadin waje yana koyar da abin da labarin nasarar wani kamfanin Amurka ba zai koyar ba.

Makarantar kasuwanci ta Jami'ar Harvard ta yi suna ne da koyarwa ta hanyar labarin kamfanoni na gaskiya, inda ake ajiye wa ɗalibai matsala a gabansu su yi ta muhawara. Mu kan sayo littattafansu, mu bar dabarar. Kundin binciken shekarar ƙarshe, wanda a yanzu yakan ƙare a rabon takardun tambayoyi da babi biyar da ba mai sake buɗewa, ana iya mayar da shi wata shida na zama da shago guda ko ƙaramar masana'anta guda, ɗalibi ya tsara musu littafin shiga da fita, ya fitar da ribarsu ta gaskiya, mai shagon ya sa hannu a kan abin da ya gani kafin malami ya ba da maki.

Ba mu ce abin zai zo da sauƙi ba. Ɗan kasuwa yana da sirri, kuma duk baƙon da ya zo da biro yana tambayar ciniki, jami'in haraji ake ɗaukarsa. Saboda haka ba ɗalibi ne zai je yana ƙwanƙwasa ƙofa shi kaɗai ba, shugabannin tsangaya ne za su zauna da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa a yi yarjejeniyar da za ta kare sirrin kowa. Malaman ma suna da nasu kukan, domin wanda ke duba takardun ɗaruruwan ɗalibai ba zai sami lokacin bin kowa kasuwa ba sai an ƙara hannu. Nan ne attajirai ke da rawar takawa. Ginin makarantar kasuwanci da Alhaji Aliko Ɗangote ya ba Jami'ar Bayero, wanda aka buɗe a 2018, abin yabo ne, sai dai masu karatun gaba da digirin farko ne suka fi cin moriyar irin wannan wuri. 'Yan digirin farko, waɗanda su ne mafi yawa, buƙatarsu ta fi ƙarfi wajen ƙarin malamai da ƙananan azuzuwa da shagunan da za su karɓe su.

Abu guda kuma da ba ya buƙatar ko kwabo: da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ajin nan 'ya'yan kasuwa ne. Akwai yaron shagon da ke jiran maigidansa ya sallame shi da jari, akwai mai sana'ar POS da ke rufe rumfarsa ya taho lacca, akwai yarinyar da ke sayar da atamfa da turare ta WhatsApp tana biyan kuɗin makarantarta da kanta. Malamin da ya ware rabin sa'a a mako ya ce ɗaya daga cikinsu ya fito gaban allo da lissafinsa na watan jiya, ajin kuma ya binciko inda kuɗin ya maƙale, ya riga ya fara cike kashi 30 ɗin nan tun kafin majalisar jami'a ta zauna a kansa.

Masu sauraro, a nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. A huta lafiya.