Gidan da Ake Ƙerawa a Masana'anta: Inda Masu Saye Ke Fahimtar Sa a Baibai

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana da ke zaune a nan, barkanmu da warhaka.

Maganarmu ta yau a kan gidan haɗi ce, wato gidan da ake ƙerawa ɓangare-ɓangare a masana'anta. Kowane ɓangare yana fitowa da bangonsa da daɓensa da silin, har da wayoyin wuta da bututun ruwa a jikinsa. Sai a ɗora shi a tirela, injin ɗaga kaya ya sauke shi a kan harsashin da aka riga aka gina, a ɗaure ɓangarorin da juna. Tallarsa ta yawaita a waya, masu tambaya kuma sun kasu biyu. Wasu sun raina shi, suna cewa rumfar kwano ce. Wasu kuwa gani suke banza ta faɗi: gida a sati biyu, a rabin kuɗi. Kowanne na bukatar gyara, amma na biyun ne ke jawo asarar dukiya, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Mu fara raba abubuwa uku da ake kira da suna ɗaya. Akwai fotakabin, irin ofishin wucin gadi da 'yan kwangila ke ajiyewa a wurin aiki. Akwai kwantenar jirgin ruwa da aka yanka wa ƙofa da taga. Sannan akwai gidan haɗi na ainihi, wanda injiniya ya zana domin ya zauna dindindin a kan harsashi. A Amurka doka ma ta raba su. Tun ranar 15 ga Yunin 1976, gidan da ake ƙerawa a kan firam na ƙarfe a ja shi da tayoyi yana da tasa ƙa'idar ta gwamnatin tarayya, shi kuwa gidan haɗi dokar ginin da ke kan kowane gida a jihar ita ce a kansa. Saboda haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: da wace ƙa'idar gini aka ƙera wannan, kuma ina zanen injiniya mai sa hannu? Wanda ya nuna maka hotuna kawai bai ba ka amsa ba.

Masu cewa ba ya ƙarko, ga tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Birtaniya ta kafa gidajen masana'anta sama da 150,000 da nufin su yi shekara 10 kacal. An zauna a da yawansu shekaru masu yawa fiye da haka, wasu har yau da mutane a ciki. Kuma ku lura, ɓangaren gida da za a ɗaga sama da igiyar ƙarfe, a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita da shi a bayan mota, dole a yi masa ƙashi mai ƙarfi, in ba haka ba ba zai iso ba. Raunin irin wannan gini a mahaɗa yake. A ranar 16 ga Mayun 1968 iskar gas ta fashe a hawa na 18 na benen Ronan Point a Landan, wanda aka haɗa da manyan allunan kankare na masana'anta. Bango ɗaya ya fita, kusurwar benen ta rufto tun daga sama har ƙasa, mutum huɗu suka rasu. Bincike ya nuna allunan ba su da isasshen ɗauri a tsakaninsu. Wannan darasin ya shafi ko da gida mai ɗaki uku.

To, mu zo kan kuɗi. Farashin da ke jikin talla na abin da ya fito daga ƙofar masana'anta ne. Ba ya ƙunsar fili, da share shi, da harsashi, da kuɗin tirela, da hayar injin ɗaga kaya, da sokawe, da tankin ruwa, da jawo wuta, da katanga, da izinin gini. In daga waje aka sayo, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, ga ɗauko shi daga tashar Legas zuwa Arewa, kuma duk ranar da kaya suka ƙara a tasha akwai tara. Sai ka tara waɗannan duka a takarda ɗaya, ka raba da yawan murabba'in mitar gidan, sannan ka kwatanta da ginin bulo. Sau da yawa a wurinmu, inda ake buga bulo a unguwa kuma ladan magini bai kai na Turai ba, ratar takan rufe, wani lokaci ma na haɗin ya fi tsada. Ribarsa ta gaskiya ita ce lokaci da tabbacin aiki: ana gina harsashi a fili, ana ƙera ɗakuna a masana'anta a lokaci guda, ruwan sama bai tsayar da kowa ba, siminti bai yi ƙafa ba.

Shi ma saurin a fahimce shi. Ɗora ɓangarorin kan harsashi yakan ɗauki yini ɗaya ko biyu, wannan shi ne bidiyon da ake nuna muku. Bayansa akwai makonni na rufe mahaɗa, da haɗa bututu da wayoyi tsakanin ɓangare da ɓangare, da fenti, da matakala. Kafinsa kuma akwai zane da neman izini. Hukumar tsara birane ba ta yafe wa kowa izini don gidansa ya zo a mota, kuma takardar shaidar mallakar fili tana nan a matsayinta.

Harsashi shi ne inda aka fi yin ɓarna. Magininmu ya saba in ƙasa ta karkace da ɗan yatsa biyu, sai ya gyara da kwaɓin siminti a layin bulo na gaba. A gidan haɗi babu wannan damar, domin akwatin, wato ɓangaren gidan, ya riga ya zo a miƙe. Saman harsashi ya zama daidai, bambancin kada ya wuce 'yan milimita, a auna da na'urar awo, ba da ido ba. A auna tsawo, a auna faɗi, sannan a ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu; in awon biyun bai zo ɗaya ba, harsashin ya murɗe. A duba wurin da aka dasa notocin ɗauri da bakin bututun ban-ɗaki, a gwada su da zanen masana'anta tun kafin a zuba kankare. In aka yi sakaci, akwatin zai zauna a kan kusurwa uku, ƙofofi su riƙa cijewa, tayil ya tsage, mahaɗa ta buɗe baki. Wanda filinsa ke kan laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, irin ta yankin Tafkin Chadi, ko fili ne da aka cike kududdufi, lallai a gwada ƙasar kafin a zana harsashi. Gidan ba shi da nauyin na bulo, saboda haka a ɗaure shi da harsashi sosai. Iskar farkon damina da ke yaye kwano ba ta wasa.

Sai hanya. Ɓangare ɗaya yakan kai faɗin mita 3 zuwa 4, tsawonsa ya wuce mita 10. Ku je ku bi hanyar da ƙafa tun daga titi: kwanar lungu, wayoyin wuta da suka sauko, kwalbatin da ba zai ɗauki tirela ba, da wurin da injin zai kafa ƙafafunsa. Injin ɗaga kaya ƙarfinsa raguwa yake yi gwargwadon nisan da ya miƙa hannu, don haka in ba zai matso kusa ba, sai an ɗauko babba, kuɗi ya ƙaru.

A mahaɗar rufi, inda ɓangare biyu suka haɗu, a sa robar toshewa, a bi da kwanon da zai lulluɓe ta ya zarce kowane gefe. Man liƙi shi kaɗai rana za ta cinye shi. Mafi aminci a yi rufi guda a saman duka ɓangarorin, mai gangara da baki mai tsawo, a bar sarari iska na ratsawa a ƙarƙashinsa.

Wannan rufin shi ne kuma rabin maganin zafi. Masu cewa gidan haɗi tanda ne, kwantena suke nufi, kuma sun yi gaskiya. Ƙarfe tsirara a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, rana ta haura digiri 40, ba wurin kwana ba ne. Cikin kwantena faɗinsa mita 2.35 ne kawai, in ka sa abin tare zafi ya ƙara matsewa, kuma duk inda aka yanke bangonta an rage mata ƙarfi, sai an yi wa wurin firam da walda. A gidan haɗi kuwa tambaya ita ce me ke tsakiyar bangon, kuma kaurinsa nawa. Allon kwano biyu da farin soso na milimita 50 a tsakiya shi ne mafi araha, amma soson nan yana narkewa ya ci wuta. Audugar dutse, wato abin tare zafi da ake yi da zaren narkakken dutse, ba ta kamawa, ita ta dace da kicin da wajen janareta. A nemi kaurin kwanon a rubuce, a tabbatar firam ɗin mai rufin hana tsatsa ne. In na katako ne, a tabbatar an yi masa maganin gara kuma ya ɗaga daga ƙasa. A duba wayarin ma: wutarmu bolt 230 ce, gidan da aka yi wa wayarin Amurka na 120 ba zai yi ba.

Wasu kuma suna cewa gidajen haɗi duk fasali ɗaya suke, wannan ba gaskiya ba ne. Za a iya yi maka zaure, da tsakar gida, da sashen iyali da ba a hango shi daga falo. Sai dai a faɗa tun a takarda. Da zarar an sa hannu a zane an fara yankan ƙarfe, matsar da taga ɗaya ma kuɗi ne. Wanda ke da niyyar ƙara ɗaki ko ɗora bene nan gaba ya faɗa yanzu, a yi harsashi da firam da za su ɗauka.

Saura biyan kuɗi, kuma ina roƙon ku riƙe wannan. Ginin bulo, in ɗan kwangila ya gudu, abin da ya gina yana filinka. A nan kuwa kafin alƙalami mai yawa ake nema alhali gidan yana rumbun wani. Manyan kamfanoni ma sun durƙushe: Katerra a Amurka a 2021, Ilke Homes a Ingila a 2023. Saboda haka a raba biyan mataki-mataki, kowane mataki injiniyanka, ba na kamfani ba, ya je ya gani kafin a rufe bango. A rubuta cewa ɓangaren da ka biya ya zama mallakarka, a sa masa lamba. A rubuta wanda ke da alhakin abin da ya lalace a hanya, da wanda zai amsa in harsashi da akwati suka saɓa. Kaso na ƙarshe, ko da 5 ne cikin 100, a riƙe shi har gidan ya sha damina guda, a hau silin a duba mahaɗa, sannan a biya.