Bayan Taki, Wa Zai Sayi Amfanin Gonar?

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamai, 'yan uwa manoma da ɗalibai, ina gaishe ku da fatan alheri.

An nemi in yi magana a kan shirye-shiryen gwamnati da suka yi nasara wajen tallafa wa manomi da kyautata rayuwar talaka. Da zarar an ce tallafi, taki mutane ke tunawa. To, taki yana da rana. A 2005 gwamnatin Bingu wa Mutharika ta Malawi ta fara ba ƙananan manoma takardun sayen taki da iri da rahusa, masara kuwa ta yi albarka bayan shekarun yunwa. Sai dai kowace damina sai an sake zuba kuɗi, har shirin ya riƙa lashe kaso mafi tsoka na kasafin ma'aikatar noma. Ga kuma tambayar da ke damuna: idan kowa ya girbe lokaci guda, farashi ya faɗi, ɗan kasuwa ya saye a wulaƙance, me manomi ya tsira da shi?

Shi ya sa nake so mu tsaya sosai a kan Birazil. A 2003 gwamnatin Lula da Silva ta ƙaddamar da yaƙi da yunwa. A ciki aka kafa Bolsa Família, kuɗin da ake ba iyalai matalauta duk wata, galibi a hannun uwa, da sharaɗin yara su je makaranta kuma a yi musu rigakafi. A shekarar ce gwamnati ta fara sayen abinci kai tsaye daga ƙananan manoma. Sannan a 2009 aka yi dokar da ta fi burge ni: aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da 'yan makaranta, dole a kashe shi wajen manoman da ke noma da iyalansu.

Jama'a, ku lura da tafiyar wannan kuɗi. Yaro ya ƙoshi, ya zauna a aji. Manomi kuwa tun kafin ya sa iri a ƙasa ya san mai saye, ya san farashi. Wanda ya san haka zai iya cin bashi ba tare da fargaba ba, zai iya shuka kayan lambu da a da yake tsoron su ruɓe masa. Kuɗin kuma yana juyawa a yankin da aka noma abincin. Abin ba sauƙi ne da shi ba, don sai da manoma suka haɗu a ƙungiyoyi, suka koyi harkar takardu da kai kaya a kan lokaci, kuma wasu ƙananan hukumomi sun daɗe ba su cika kason ba. Duk da haka, a 2014 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Birazil daga jerin ƙasashen da ke fama da yunwa.

Jami'an gwamnati da ke zauren nan, don Allah ku riƙe wannan: idan aka karɓi kayan manomi aka yi watanni ba a biya shi ba, shirin ya mutu, komai kyawunsa a takarda.

Indiya ta gane haka tun 1970, lokacin da ta fara babban shirinta na madara ƙarƙashin Verghese Kurien, bisa tsarin ƙungiyar makiyayan Anand da ke jihar Gujarat. Mace mai saniya ɗaya ko biyu za ta kai nono cibiyar ƙauye safe da yamma, a auna maiƙonsa, a biya ta ba ja-in-ja. Ƙungiyar kuma mallakar makiyayan ce. Garin madarar da ƙasashen Turai suka bayar agaji ma, sayar da shi aka yi, aka gina masana'antu da wuraren sanyaya nono da kuɗin. Zuwa 1998 Indiya ta wuce Amurka, ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara.