Laccar waken soya: shukar da ke lissafin dare

Assalamu alaikum jama'a. Na baya kuna jina? Toh madalla.

Bari in fara da abin da ya fi ba ni sha'awa game da waken soya, shi ne wannan shuka tana auna tsawon dare. A 1920 wasu masu bincike biyu a Amurka, Garner da Allard, suka lura cewa ko an shuka wani irin waken soya a lokuta daban-daban, kusan lokaci ɗaya duk yake yin fure. Da suka bi diddigi sai suka gano tsawon yini ne ke juya shi, daga baya kuma aka tabbatar cewa duhun daren ne ma yake lissafawa, in dare ya kai tsawon da yake so sai ya fara fure.

Toh ina matsalar? Asalin waken nan daga Sin ne, can aka mai da shi na gona daga wani ɗan'uwansa na daji mai yaɗo da ƙananan 'ya'ya baƙaƙe, ana ce masa Glycine soja. A can lokacin noma yini dogo ne. In ka ɗauko wannan iri ka kawo shi ƙasashe masu zafi inda dare da rana kusan awa sha biyu-biyu ne duk shekara, yana fitowa sai ya ga dare ya riga ya yi tsawo, sai ya yi gaggawar fure tun bai tashi daga ƙasa ba, ka ga shuka guntuwa, rassa kaɗan, kwanso kaɗan, manomi ya yi ta zuba taki yana zargin ƙasa alhali ƙasar ba ta da laifi ko kaɗan.

Abin da ya warware wannan, a shekarun 1970 aka samu wani hali a wasu iri da ke sa su daɗe suna ƙuruciya, su yi jiki tukuna kafin fure. Masu binciken Brazil, musamman na Embrapa, hukumar binciken noma ta ƙasar da aka kafa a 1973, suka shigar da halin cikin irinsu, da shi da gyaran ƙasa da farar ƙasa suka buɗe yankin Cerrado, wato dajin savana na tsakiyar Brazil, yau Brazil ce kan gaba a duniya a noman waken soya. Kuma ku lura, sai a 2017 masu bincike a Sin suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke bayan halin, wadda ake kira J. Wato shekara kusan arba'in ana cin moriyarta a gona ba a san fuskarta ba. Shi ya sa nake jin haushi in na ji ɗalibi yana raina aikin fili wai shi na ɗakin gwaji ne.

Yanzu mu sauka ƙasa, wajen saiwa. Ƙwayar waken soya kusan kashi 40 cikin ɗari furotin ce, mai kuma kusan kashi 20, kuma furotin ba ya samuwa sai da naitirojin mai yawa. Daga ina yake samu? Ka tumɓuke shuka ɗaya a hankali lokacin fure, za ka ga 'yan gudaji manne a saiwa, gidan wata bakteriya ne mai suna Bradyrhizobium, tana kamo naitirojin daga iska ta ba shi, shi kuma ya ciyar da ita. Ka fasa gudajin da farce, in cikin ja ne aiki na tafiya, in fari ne ko kore toh ba a komai. Wannan gwajin ba ya buƙatar na'ura, don Allah ku koya wa manoma shi. Kuma in ka cika masa yuriya sai ya yi kasala ya rage yin gudajin, abin da yake nema a wajenka fosforas ne.

Amma shi ma nan akwai ƙulli, irin waken da ya fito daga Amurka zaɓe gare shi, ba kowace bakteriya yake yarda da ita ba. Brazil ta bi hanyar cuɗa iri da hodar bakteriya kafin shuka, marigayiya Johanna Döbereiner, wata mai bincike a can, ta yi tsayin daka a kan haka tun shekarun 1960. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan kuma ta bi wata hanyar, ta yi barbara ta fitar da jerin irin TGx waɗanda ke karɓar bakteriyar da ke cikin ƙasa tun asali. Ni dai ra'ayina hanyoyin biyu ba kishiyoyi ba ne, ko TGx ɗin in ka ba shi hodar sau da yawa yana ƙara yi.

Wani ɗalibi ya aiko takarda yana tambaya ko an fitar da taswirar ƙwayoyin gadon waken soya. E, an fitar da ita a 2010 daga irin Williams 82, kuromosom 20, ƙwayoyin gado sama da 46,000. Amfaninta, mai barbara zai iya yankar ɗan ganye ya san ko shukar na ɗauke da halin da yake nema ba sai ya jira kaka ba. Misali fashewar kwanso, wanda ke sa wake ya tarwatse a gona in iska ta bushe kafin a girbe, a 2014 masu bincike a Japan suka gano ƙwayar gadon Pdh1 da ke murɗa kwanson har ya fashe.

Abin da ke hana ni barci kuwa ƙarancin dangi ne. Irin zamani daga kakanni 'yan kaɗan suka fito, duk kusan jini ɗaya. Cutar tsatsa ta shiga Brazil a 2001, ta kai Amurka a 2004, kuma an ga ƙwayoyin gadon da ke tare ta ɗaya-ɗaya tana karya su. Don haka yanzu ana komawa rumbunan ajiyar iri, har da wancan na dajin mai yaɗo, ana neman abin da aka bari a baya. Bayan hutu zan nuna muku hotunan ganyen da tsatsa ta kama, ta ƙasan ganye ake dubawa.