Dokar Title IX: Bulala Na Rataye, Ba A Taɓa Sauke Ta Ba

Masu sauraro, assalamu alaikum. A watan Yunin 2025 wata alƙaliya a Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun da ya bai wa jami'o'in Amurka damar biyan 'yan wasansu kai tsaye, kimanin dala miliyan 20 da rabi kowace jami'a a shekarar farko. Madalla. Amma da aka zo rabo, manyan jami'o'i da dama suka ware wajen kashi uku cikin huɗu ga 'yan zari-rugar Amurka, maza zalla. 'Yan ƙwallon kwando maza suka kwashi mafi yawan ragowar, aka bar mata da lasar kwano.

To ina doka take? Tana nan. Ranar 23 ga Yunin 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan dokar da suke kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya fifita namiji a kan mace. Hukuncin wanda ya saɓa shi ne a janye masa kuɗin. Yau shekara fiye da 50, ba a taɓa janye wa jami'a ko ɗaya kuɗi don ta tauye wa mata gurbin wasa ko tallafin karatu ba. Ko ɗaya!

Ban ce dokar ba ta tsinana komai ba. Lokacin da aka kafa ta, 'yan matan sakandare masu wasanni ba su kai 300,000 ba, yanzu sun haura miliyan 3. Sai dai a jami'o'i, a kotu mata suka riƙa ƙwatar haƙƙinsu. Jami'ar Brown ta yanke wa ƙungiyoyin mata biyu kuɗi a 1991, ɗalibai suka kai ƙara, suka yi nasara, jami'ar ta yi ta ja har Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronta a 1997. Shekaru ɗalibai na zaryar kotu, gwamnati na riƙe da bulala tana kallo.

Tunda jami'o'i sun gane kyanwar Lami ce ke gadinsu, ba cizo ba yakushi, sai suka koma aringizo. Ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 1979 ta ce ɗaya daga cikin hanyoyin bin dokar ita ce yawan mata 'yan wasa ya yi daidai da yawansu cikin ɗalibai. Shi ke nan, sai a ɗauki yarinya ɗaya mai gudu a ƙirga ta sau uku: tseren daji, tseren cikin zaure, tseren fili. Mazan da ke taya mata atisaye ma a rubuta su a lissafin mata. Jami'ar Quinnipiac ta so ta rushe ƙungiyar ƙwallon raga ta mata, ta cike gurbin da masu rawar ƙarfafa gwiwa, sai da alƙali ya taka mata birki a 2010. An janye mata kuɗi? Ina!

A 2021 kuwa wata 'yar wasan Oregon, Sedona Prince, ta ɗauki bidiyo ta sa a TikTok lokacin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'i: maza da katafaren zauren motsa jiki, mata da 'yan ƙarafan ɗagawa a kan kanta ɗaya. Kunya ce ta sa NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta gyara.

Na san masu cewa ai maza ne ke kawo kuɗi, kuma dokar ce ta kashe kokawar maza a wasu jami'o'in. Dokar ba ta ce a rushe ƙungiyar kowa ba. Shugabannin jami'a ne suka zaɓi su yanka kokawa don kada su taɓa zari-ruga da makudan albashin kocinta. Batun 'yan kallo kuma, wasan ƙarshe na ƙwallon kwandon mata a 2024 tsakanin South Carolina da Iowa mutum kusan miliyan 19 suka kalla, na maza bai kai miliyan 15 ba.

A Janairun 2025 ma'aikatar ilimi ta ce rabon sabon kuɗin ya faɗa ƙarƙashin dokar. Wata guda kacal, sabuwar gwamnati ta soke bayanin. Wasu mata 'yan wasa sun ɗaukaka ƙara kan yadda sulhun ya raba diyyar dala biliyan 2.8 ga 'yan wasan da aka hana kuɗi a baya. Sun koma kotu ke nan, bulalar kuma na nan inda aka rataye ta tun 1972.