Amsoshin Tambayoyinku: Ƙirƙirarriyar basira a cikin waya, ina batir zai kai?

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da war haka. Saƙonni sun yi yawa, lokaci kuma ƙanƙane, sai mu shiga kai tsaye. Wani bawan Allah yana tambayar inda ake ƙera cif ɗin da ke cikin wayoyi, wato 'yar na'urar da ke yi wa waya lissafi. Mafi yawan na sahun gaba kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera su, sai Samsung na Koriya ta Kudu. Wata baiwar Allah kuma ta cika mana shafi guda da gaisuwa kafin ta tambaya ko buɗe waya da fuska yana cin data. Hajiya, muna amsawa, amma a riƙa tausaya wa agogo. Ba ya ci, a cikin wayar ake lissafin.

Ga wadda ta fi yawan masu tambaya: ta yaya ƙirƙirarriyar basira za ta yi aiki a cikin waya ko agogon hannu ba tare da ta shanye batir ba? Injiniya, bismillah.

Injiniya: To, sai mun fara daga manyan cibiyoyin bayanai. Cif ɗaya na kamfanin Nvidia da ake amfani da shi a can, H100, yana iya jan wutar lantarki wat 700. Waya kuwa 'yan wat kaɗan take da su, babu fanka, ga ta a tafin hannu. A 2017 Apple ya fito da cif ɗin A11, Huawei ya fito da Kirin 970, kowanne da sashe na musamman don lissafin ƙirƙirarriyar basira. Kai, tun a 2014 ma IBM ya yi TrueNorth mai kwaikwayon ƙwaƙwalwa, wanda...

Mai gabatarwa: Ranka ya daɗe, batir dai, batir.

Injiniya: Yawwa. Abin da mutane ba su sani ba, lissafin kansa ba shi ne ke cin wuta sosai ba. Ɗauko bayanai daga ma'adana zuwa inda za a lissafa su, shi ne. Farfesa Mark Horowitz na Jami'ar Stanford ya nuna a 2014 cewa ɗaukowar nan ta ninka lissafin sau ɗaruruwa wajen cin wuta. Kamar magini ne da ke tafiya nesa ya ɗauko bulo ɗaya-ɗaya. Tafiyar ce ke gajiyar da shi. Shi ya sa ake dasa ƙaramar ma'adana dab da wurin lissafi, abin da aka ɗauko a yi ta amfani da shi kafin a sake komawa.

Mai gabatarwa: Ku ji da kyau: jigila ce ke cin batir, jigilar bayanai.

Injiniya: Sannan ana rage girman lambobin, daga bit 32 zuwa 8, wato gurbin da kowace lamba ke ci a ma'adana. Kaya sun yi sauƙi, amsa kuma ba ta lalace sosai ba. Da irin wannan cif ɗin Edge TPU na Google ke yin lissafi tiriliyan 4 a daƙiƙa da wat 2 kacal.

Mai gabatarwa: Ni abin da ya fi kwanta mini a rai, muryarka da hoton fuskarka su tsaya a hannunka, ba sai an tura su wata ƙasa ba. Kuma ko babu sabis, aiki na tafiya.

Ta ƙarshe, wani matashi ya ce wayarsa tana zafi idan yana gyara bidiyo a kan caji. Ɗan samari, ka haɗa mata zafi biyu! Cif ɗin zai rage gudu don kare kansa, batir kuma ya tsufa da wuri. Cire cajin tukuna. Injiniya, mun gode.